Wuyar Aiki Ba A Fara Ba

Duk mutumin Arewa da ya daɗe a Ikko ko Badun, da wuya a ce bai taɓa bi ta gindin wata majami'a ko makarantar mishan ya ji ana buga piyano a ciki ba. Wani lokaci kiɗa ne sosai mai daɗin ji. Wani lokaci kuwa sai a ji mai bugun ya kama ɗan guntun wuri guda yana ta maimaitawa, ya yi kuskure ya koma, ya sake kuskure ya sake komawa, har mai wucewa ya ce a ransa, kai, wannan dai bai iya ba. To, mai karatu ya sani, wannan da ake ji yana ta tuntuɓe shi ne ke yin aikin. Akwai wani can wanda ya fi shi hannu, amma littafin kiɗan da malaminsa ya ba shi yana nan a rufe wata uku, domin tun ran da ya buɗe ya ga baƙaƙen alamomi sun cika takarda kamar tururuwa, sai gabansa ya faɗi, ya mayar ya rufe.

Wani zai ce, to ina ruwan mai sayar da goro a Shagamu, ko mai sauke tumatir a kasuwar Mil 12, da kiɗan Turawa? Gaskiya ne piyano ba ta cikin kayan kiɗan Hausa, kuma yawancin masu karanta wannan shafi ba za su taɓa zama gabanta ba. Amma ciwon da ke hana mai koyon piyano buɗe littafinsa ciwo ne da kowa ya sani. Da yake masu wannan sana'a sun daɗe suna fama da shi, sun gane asalinsa, sun kuma gane maganinsa fiye da yawancin mutane. Sabo da haka labarinsu ya isa a saurara.

Ita piyano babban akwati ce mai madannai 88, farare 52, baƙaƙe 36. In an danna ɗaya sai wata 'yar guduma ta bugi tsirkiya a ciki, murya ta fita. Da yatsu goma ake bugu, hannun dama na yin nasa, na hagu na yin nasa daban, ƙafa kuma tana kan mataki. Makaɗin kalangu ko na goge yana da damar juya kiɗansa yadda hannunsa ya so. Mai buga kiɗan gargajiya na Turai ba shi da wannan dama, gama kome a rubuce yake, kuma abin da mai kiɗan ya rubuta shi za a buga, ba ragi ba ƙari. Wurin da ya gagara ba a kewaye shi, sai dai a bi ta cikinsa.

A cikin kaɗe-kaɗen nan akwai wani wanda sunansa kaɗai kan sa ɗalibai su yi tsit. Shi ne Konceto na Uku na wani mutumin Rasha, Sarge Rakmaninof. Konceto watau kiɗa ne wanda mai piyano ke ja gaba, babbar ƙungiyar makaɗa tana amsa masa, kamar mawaƙi da 'yan amshi. Wannan na uku kashi uku ne, yana cin minti 40 ko fiye, kuma da ƙyar hannun mai bugu ke samun hutu a cikinsa. Bisa al'ada kuma da ka ake buga shi, ba takarda a gaba. A 1996 aka yi wani fim mai suna Shine, a kan wani makaɗi ɗan Ostareliya da ya sami taɓin hankali, inda aka nuna shi yana kokawa da wannan kiɗa har ya faɗi. Fim ɗin ya daɗa wa ɗalibai tsoro a kan tsoro.

Abin mamaki, shi mai kiɗan kansa malalaci ne sa'ad da yake yaro. An haife shi a 1873. Da aka sa shi makarantar kiɗa ta birnin Fitasbag, sai ya riƙa gudun aji yana yawon gari, har yana gyara makin da ke kan takardar sakamakonsa don kada a gane a gida. A 1885 ya faɗi jarrabawa, aka ɗauke shi aka kai Masko gidan wani malami mai tsanani, Nikolai Zeberef. A gidan nan yara ke kwana, akan fara aiki tun ƙarfe shida na safe, kowane yaro da lokacinsa na zama gaban piyano, ko yana so ko ba ya so. Ba wanda ya taɓa tambayarsa ko yau ransa na son aiki. A nan ne malalacin yaron ya zama makaɗi.

Tsoro kuma bai bar shi ba bayan ya girma. A 1897 aka buga wani babban kiɗa da ya rubuta, makaɗan suka ɓata shi, 'yan jarida suka yi masa kaca-kaca. Sai da ya yi shekara uku kusan bai rubuta kome ba, in ya zauna gaban takarda sai hannu ya ƙi. A farkon 1900 danginsa suka kai shi wurin wani likita, Dokta Nikolai Dal, ya riƙa zuwa kullum har wata uku, likitan yana kwantar masa da hankali yana ƙarfafa masa zuciya. Ya koma aiki kaɗan kaɗan, har a 1901 ya gama Konceto na Biyu, ya rubuta sunan likitan a kansa don godiya.

Na ukun kuwa a 1909 ya rubuta shi, a gidan gonarsu na Ibanofka, domin tafiyar da zai yi zuwa Amurka. Ya gama rubutu a watan Satumba, ga shi kuma an riga an sa rana, shi da kansa zai buga a Niyok ran 28 ga Nuwamba. Rubuta kiɗa daban, sanya shi a yatsu daban, lokaci kuma ya ƙure. Sai ya ɗauki wani allon madannai wanda ba ya fid da murya ko kaɗan, ya shiga jirgin ruwa da shi. Jirgi na ratsa teku, mutumin nan yana zaune yana danna katako bebe, yana jin kiɗan a kansa kaɗai. Da ranar ta zo ya hau ya buga. Yana da hujjojin da za su ishe shi ya nemi a ɗaga rana, ga ƙarancin lokaci, ga rashin piyano ta sosai, ga wahalar tafiya. Bai ɗauki ko ɗaya ba.

Ga kuma wani abin lura. Rakmaninof ya sadaukar da kiɗan ga abokinsa Yosef Hofman, mutumin Folan, wanda shi kansa yake ɗauka gwanin gwanaye a zamaninsu. Hofman bai taɓa buga shi gaban jama'a ba har ya mutu, ya nuna kiɗan bai dace da shi ba. Hannuwansa ƙanana ne, har kamfanin Steinway ya ƙera masa piyano mai madannai da aka ɗan rage wa faɗi, alhali shi Rakmaninof in ya buɗe tafinsa yana kama madannai farare goma sha biyu, inda hannun yawancin mutane ke tsayawa a takwas ko tara. Shekaru suka wuce kiɗan bai sami masu bugu da yawa ba, sai da wani saurayi, Baladimir Horowiz, ya rungume shi, ya ɗauke shi a faifai a Landan a 1930. Daga nan hanya ta buɗe. A 1958 wani Ba'amurke ɗan shekara 23, Ban Kilaiban, ya buga shi a Masko ya ci gasar da aka yi a can. A 2022 wani yaro ɗan Koriya ta Kudu, Yuncan Lim, ya buga shi a Amurka yana da shekara 18, shi ma ya ci gasa. Ko alama ɗaya ba a rage a takardar ba tun 1930. Abin da ya sake shi ne kowane mai koyo yanzu ya ga ɗan'adam kamarsa ya haye.

Akwai kuma wani ɓangare na labarin da ya fi kusa da mazauna Kurmi. A Disamba 1917, bayan juyin mulkin Rasha, Rakmaninof ya fita ƙasarsa da matarsa da 'ya'yansa mata biyu, ya bar gida da gona da dukiya, bai sake komawa ba har ya rasu a 1943. Da ya isa Amurka a 1918 yana da shekara 45, ya ga rubuta kiɗa ba zai ciyad da iyali a ƙasar baƙunci ba, dole ya zama mai bugu don kuɗi. Kaɗe-kaɗen wasu da ya riƙe a hannu a lokacin ba su da yawa, sai ya zauna ya riƙa koyonsu ɗaya bayan ɗaya kamar ɗalibi, a shekarun da wasu ke cewa ai kai ya riga ya bushe. Wani makaɗi ɗan Amurka, Abram Chasins, ya rubuta cewa wata rana ya je ziyara wurinsa, ya tsaya bakin ƙofa ya ji ana bugu a ciki a hankali ƙwarai, har da fari bai gane ko wane kiɗa ne ba. Ashe wani sanannen kiɗan Shofan ne mai gudun tsiya, gwanin ya mai da shi tafiyar hawainiya yana bin alama ɗaya ɗaya.

To, mene ne ainihin abin da ke hana mai koyo buɗe littafi? Da fari dai yana kallon aikin duka gaba ɗaya. Yana juya shafi hamsin a hannu, ya kuwa san ko layi biyu ba zai iya ba yau, sai zuciya ta ce masa to me ye amfanin farawa. Na biyu, ya riga ya saurari gwanaye a faifai, kunnensa ya san yadda kiɗan ya kamata ya fita, kuma ya san in ya sa hannu abin da zai fita zai zama abin kunya. Mutum ba ya son jin kansa yana ɓata abin da yake ƙauna. Na uku shi ne mafi wayo. Mai koyo yakan zauna gaban piyano awa biyu cur yana buga tsofaffin kaɗe-kaɗen da ya iya tun bara, ya tashi da gumi, ya ce ai yau ya yi aiki, sabon littafin kuwa ko taɓa shi bai yi ba. Wannan lalaci ne sanye da rigar ƙwazo, kuma ya fi na mai barci wuyar magani, domin mai shi bai san yana da shi ba.

Kuskuren da ke ƙarƙashin duka shi ne jiran ranar da zuciya za ta so. Mai koyo yakan ce bari in sami hutu, bari in ji ƙarfin gwiwa, sa'an nan in fara. Malaman piyano kuwa sun daɗe da sanin cewa sha'awa a bayan aiki take tafe. Ran da ɗalibi ya ji layi biyu sun fito daidai daga yatsunsa, ran nan ne marmarin layi na uku ke zuwa masa. Wanda ke jiran marmari ya riga aiki zuwa zai daɗe a zaune.

Hanyar da suke bi ba asiri ba ce. Akan yanka kiɗan gunduwa-gunduwa, a ɗauki ɗan abin da bai fi layi ɗaya ko biyu ba, a ce wannan ne aikin yau, sauran littafin a manta da shi. Akan koyi hannun dama shi kaɗai, kana na hagu shi kaɗai, sa'an nan a haɗa. Akan yi a hankali har ya zama da wuya a yi kuskure, gama yatsu ba su san daidai da ba daidai ba, abin da aka maimaita musu shi suke riƙewa. Wanda ya buga wuri sau ashirin da sauri yana kuskure, kuskuren ya koya sau ashirin. Malamai da yawa kuma sukan ce a fara da wurin da ya fi ban tsoro tun ƙarfi na nan, kada a ajiye shi ƙarshe yana ta girma a rai. Rabin awa kullum ya fi awa biyar ran Lahadi, domin abin da yatsu suka koya yau barci ne ke daɗa kafa shi, shi ya sa wurin da ya gagara jiya da dare yakan zo da sauƙi da safe.

Maɗinkin babbar riga zai gane wannan nan da nan. In aka shimfiɗa wa yaro rigar da aka gama, mai aska takwas, aka ce ya yi irinta, sai ya ajiye allura ya gudu. Amma maigidansa ba haka yake yi masa ba. Zane ne a kan ƙyalle, ya nuna masa kusurwa guda, ya ce cika wannan. Gobe wata kusurwa. Yaron ba ya ɗinka riga ko da rana ɗaya, kusurwa kawai yake cikawa, har ran da za a ɗaga a ga riga. Yau da gobe, in ji Hausawa, shi ya sa allura ginin rijiya.

Sai dai akwai masu ja da wannan magana, kuma ba a banza suke ja ba. Sukan ce, ai da muguwar rawa gara ƙin tashi, ga shi Hofman da kansa ya ƙi, ba wanda ya ce masa rago. Sukan kuma kawo labarin waɗanda suka afka wa abin da ya fi ƙarfinsu suka ji ciwo. Akwai Alekzanda Skiryabin, abokin karatun Rakmaninof tun gidan Zeberef, wanda a 1891 ya matsa wa kansa da wasu kaɗe-kaɗe masu tsananin wuya har ya lalata hannunsa na dama, ya daɗe yana jiyya, hannun kuma ya yi ta damunsa daga baya. Lalle wannan gaskiya ne. Yaron da ya yi shekara biyu yana koyo ba shi da abin yi da Konceto na Uku, kuma in hannu ya fara ciwo tilas a tsaya.

Amma a duba da kyau. Abin da ya ji wa Skiryabin ciwo gaggawa ce da matsi, watau kishiyar hanyar da aka bayyana a sama. Hofman kuwa mutum ne da ya riga ya haye duwatsu ɗari, ya dubi wannan da idon gwani, ya auna shi da hannunsa, ya ce a'a. Ɗalibin da bai taɓa gwada ko layi ɗaya ba ba shi da ikon aron hujjar Hofman. Hanyar rarrabe tsoro da rashin isa kuwa mai sauƙi ce. A tambayi malami, in ya ce lokaci ya yi, to abin da ya rage tsoro ne kawai. Karin maganar muguwar rawa kuma ta dandali ce, inda jama'a ke kallo. A cikin ɗaki, ƙofa a rufe, muguwar rawa ita ce matakin fari na kyakkyawa, kuma duk gwanin da ake tafa wa ya yi tasa a ɓoye shekara da shekaru.

Yanzu sai mai karatu ya dubi nasa littafin da ke rufe. A Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun, har Anacha da Fatakwal, akwai magidanta da suka yi shekara ashirin suna cewa za su shiga ajin dare su koyi karatun boko, har yau kuwa da babban yatsa suke sa hannu a takardar hayar shago wadda ba su san abin da ke cikinta ba. Akwai wanda dukiyarsa ke banki, amma in saƙo ya shigo wayarsa sai ya nemi yaro ya karanta masa, har lambar sirrinsa tana hannun wani. Akwai saurayin da lissafi ya kayar a jarrabawa, ya sayi littattafai don ya sake zama, suna nan ƙarƙashin katifa. Akwai mai ciniki da Yarbawa kullum wanda Yarbancinsa bai wuce gaisuwa da ƙidayar kuɗi ba, in rigima ta taso sai ya dogara ga tafinta. Ba ɗaya daga cikinsu da za a kira rago. Tun asuba suke tsaye har dare, daidai da mai piyanon nan da ke buga abin da ya riga ya iya awa biyu yana gumi.

Hujjarsu kuwa ita ce ta kowane ɗalibi, ba lokaci, an girma, za a yi dariya. Game da lokaci, ga mutum da katako bebe a tsakiyar teku. Game da girma, ga baƙo mai shekara 45 ya koma ɗalibi a ƙasar da ba tasa ba don abincin iyalinsa. Dariya ita ce mai nauyi a cikin ukun, domin mutumin da ake gaishe shi da Alhaji a kasuwa ba ya son yara su ji shi yana haɗa baƙi da wasali. To, sai ya auna, kunyar wata uku a gaban malami guda, da asarar da zai yi ran da aka miƙo masa takardar da ba ta gaskiya ba ya danna mata yatsa.

Shugabannin unguwannin Hausawa ma suna da nasu rabo. Mai tsoro yana bukatar abin da Zeberef ya ba yaransa, watau lokaci tsayayye da wanda zai tambaye shi in bai zo ba. Zaure guda, da malami guda, da awa ɗaya bayan sallar isha, manya daban yara daban don a rage kunya, wannan bai fi ƙarfin kowace unguwa ba.

Amma kafin a kai ga wannan, abin da ke hannun mutum shi kaɗai ƙarami ne. Ya ɗauko littafin yau, ya buɗe, ya zaɓi layi ɗaya, ya ba shi minti goma sha biyar, ya rufe, gobe war haka ya sake. In kuma wata rana ya sake bi ta gindin makarantar nan ya ji mai piyano yana tuntuɓe yana komawa, ya san ɗan'uwansa ne a wahala, kuma wata shida nan gaba in ya sake wucewa, kiɗa zai ji.

Allah ya sa a dace, amin.